ZARE: Abin da ya kashe Waziri, akun gidan Kawuna 🧵

1/ Jiya wani ƙanena ya turo mini hoton aku a keji, wai an yi masa farashi mai sauƙi, in cika masa kuɗi ya saya. Na ce a'a, ya yi fushi. Na yi masa alkawarin zan faɗa masa dalili. To ga dalilin, amma a fili zan faɗa, don na san ba shi kaɗai ne mai wannan sha'awa ba. Zaren na da tsawo, ku gyara zama.

2/ Muna yara akwai aku a gidan Kawuna. Ruwan toka, jar wutsiya, ido kamar na mutum. Kawu ya raɗa masa suna Waziri, saboda akun nan na Magana Jari Ce, littafin Abubakar Imam. Yana amsa sallama, yana tari irin na Kawu sak, yana kwaikwayon muryar Inna in tana kiran yara, mu fito da gudu mu tarar ba kowa sai shi.

3/ Ni aka ɗora wa aikin ba shi abinci. Gero, dawa, sai gyaɗa. Gyaɗar nan ita ce ransa, in ya gan ta ba ya kallon komai. In an ci tuwo a gutsura masa, da safe a ɗan zuba masa shayi a murfin kwalba, Kawu kuma in ya fasa goro sai ya sam masa. Mu a ganinmu ba tsuntsun da ya kai shi gata a unguwar.

4/ Kejinsa na cikin falo, bayan taga mai gilashi, don kada kyanwa ta taɓa shi ko yara su dame shi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

5/ A shekara ta biyar da zuwansa ya fara atishawa, hanci na toshewa, gashinsa ya dushe. Wata safiya muka ji tim! Ya faɗo daga kan sandarsa yana karkarwa, ƙafafu a miƙe, kamar mai farfaɗiya. Bayan 'yan mintoci ya farfaɗo. Kwana uku ya sake.

6/ Nan fa kowa ya zama malami. Wasu suka ce kambun baka ne, ya cika surutu gaban baƙi. Wasu suka ce iska ce. Aka rufe falo aka turara masa hayaƙi. Daga ƙarshe Kawu ya naɗe shi a tsumma muka nufi wajen wani likitan dabbobi.

7/ Ba zan manta da gaskiyar mutumin nan ba. Ya juya tsuntsun, ya duba, ya ce: "Alhaji, ni shanu da awaki da kaji na sani. Wannan ban taɓa riƙe irinsa ba." Ya ba mu garin maganin kaji a zuba a ruwa. Bayan mako biyu na buɗe falo da safe na tarar da Waziri a ƙasan keji, ya sandare.

8/ Na girma da zaton ajali ne kawai. Ajali ne, haka ne, amma kowane ajali da sanadinsa. Sai da na fara karance-karance na gane sanadin yana cikin kwanon da nake miƙa masa kullum da hannuna. Kuma kowane kuskuren da muka yi, akwai tarihin yadda duniya ta koyi cewa kuskure ne. Tarihin nan zan ba ku.

9/ Farko dai, aku mai ruwan toka ba ɗan ƙasar Hausa ba ne. Tsuntsun kurmi ne: kudancin Najeriya, Kamaru, Gabon, Kwango, har Uganda da yammacin Kenya. Gidansa kogon dogayen bishiyoyi, inda ruwan sama ba ya yankewa. Mu sai dai a kawo mana shi a kwando.

10/ Me yake ci a can? 'Ya'yan itatuwa iri-iri, furanni, ɓawon itace, tsaba, da uwa uba kwakwar manja. Jan naman nan da ake matse manja daga cikinsa cike yake da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Sannan a wasu sarari na cikin kurmi, kamar a dajin Lobeke na Kamaru, sukan sauko garke-garke su ci ƙasa mai gishiri-gishiri. Ga tashi na kilomitoci kullum, ga rana, ga wankan ruwan sama.

11/ Turawa sun daɗe da sanin sa. Jiragen ruwan da ke zirga-zirga a gaɓar Afirka ta Yamma sun riƙa kwasar sa zuwa Turai, ya zama abin ado a gidajen sarauta. Akwai wata basarakiya a Ingila, Frances Stuart, da ta rasu a 1702. Akunta ya yi shekara 40 tare da ita, ya mutu jim kaɗan bayan rasuwarta. Har yau gawarsa da aka busar tana ajiye a cocin Westminster a Landan.

12/ Shekara 40, tun zamanin da ba wanda ya san kalmar bitamin. Masana na cewa aku a hannun mutum yana iya kai 40 zuwa 60. Namu biyar ya yi. Wannan lissafin ne ya fara hana ni barci.

13/ Yanzu mu koma kan likitan nan, don kada wani ya zage shi. Makarantar likitancin dabbobi ta farko a duniya an kafa ta ne a birnin Liyon na Faransa a 1761. Wanda ya kafa ta, Claude Bourgelat, gwanin dawaki ne. Abin da ya dami gwamnati lokacin biyu ne: dokin yaƙi, da annobar da ke ƙarar da shanu.

14/ Haka abin ya zo mana. Turawan mulkin mallaka sun buɗe sashen lafiyar dabbobi a Zariya a 1913, aka mayar da shi Vom kusa da Jos a 1924, kuma babban aikinsa yaƙi da bushiya, cutar da ta kassara garken Fulani tun ƙarshen ƙarni na 19. An yi nasara kuwa: a 2011 aka ayyana cewa bushiya ta ƙare a duniya, cuta ta biyu da aka taɓa kawarwa bayan agana.

15/ Wato ilimin nan an gina shi ne a kan dabbar da ke kawo kuɗi, nama, nono ko haraji. Aku, kanari, zomo, kunkuru, su ne 'yan autan layi, ba a nan kaɗai ba, ko'ina. Likitan da ya ce bai san aku ba gaskiya ya faɗa, abin da aka koya masa ke nan.

16/ To yaushe kimiyya ta fara duban aku da gaske? Sai da ya fara kashe mutane. A 1929 wata cuta ta ɓulla a Ajantina bayan an shigo da tarin aku daga Barazil. Kafin a ankara ta bi jiragen ruwa zuwa Turai da Amurka, lokacin ana yayin ba da aku kyautar Kirsimeti. Zazzaɓi, ciwon kai, sai huhu ya kama.

17/ Sunanta sitakosis, zazzaɓin aku. Mutum wajen 800 suka kamu a ƙasashe da dama, sama da 100 suka mutu. A Janairun 1930 shugaban Amurka Herbert Hoover ya hana shigo da aku ƙasar. Mutane suka firgita, wasu suka saki nasu, wasu suka murɗe musu wuya, matuƙan jirgi suka riƙa watsa su a teku.

18/ A ɗakin binciken gwamnati da ke Washington, likitan da ke bin diddigin cutar, Charles Armstrong, shi ma ya kamu. Mataimakinsa Henry Anderson ya mutu. Ma'aikata suka yi ta kwanciya, har shugaban wurin ya kashe dukan tsuntsayen gwajin da hannunsa, aka rufe ginin aka yi masa feshin guba. A watan Mayun 1930 majalisa ta ɗaukaka wannan ɗakin bincike ya zama cibiyar lafiya ta ƙasa, wadda yau ake kira NIH.

19/ Kun ga ikon Allah? Aku na da hannu a haihuwar ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin binciken lafiya na duniya. Amma duk wannan don kare mutum aka yi. Tambayar me akun yake bukata ya rayu, ba wanda ya yi ta tukuna.

20/ Cutar nan tana nan har gobe fa. Ƙwayar bakteriya ce, tana fita a busasshen kashin tsuntsu a shaƙe ta, kuma ta fi tashi a tsuntsun da ya sha wahalar tafiya da cunkoso. Tana da magani yanzu. Amma in ka kawo sabon aku gida, bayan mako ɗaya ko biyu wani ya kama zazzaɓi da tari, ka faɗa wa likita akwai tsuntsu a gidan. Kada a tsaya kan maleriya da taifot kawai.

21/ Mu dawo kan kwanon abinci. Darasin farko daga gidan zu na Landan ya fito. Shekara da shekaru 'ya'yan zaki na mutuwa a can, ƙasusuwa a lanƙwashe, ba sa iya tsayuwa. Ana ba su tsokar nama zalla, ana ganin ai zaki nama yake ci. A 1889 wani likita, John Bland-Sutton, ya sa aka ƙara musu dakakken ƙashi da madara da man hantar kifi. Suka miƙe.

22/ Ashe zaki a daji ba tsoka kaɗai yake ci ba, har ƙashi da hanta da kayan ciki. An ɗauki abu ɗaya daga abincinsa an mayar da shi duka abincin. Daidai abin da muka yi wa Waziri. Aku na cin tsaba a daji, gaskiya ne. Sai muka ce to tsaba ce abincinsa, shi ke nan.

23/ A 1913 aka gano bitamin A. A 1919 wani likita a Balin ya warkar da yara masu lanƙwasar ƙashi da hasken wata fitila mai kama da na rana. A 1922 aka ware bitamin D aka ba shi suna. Daga nan aka fahimci sarƙar: rana ta taɓa fata, jiki ya haɗa bitamin D, shi kuma ya ba hanji damar tsotse kalsiyam daga abinci. In ɗaya ya yanke, sauran sun tashi a banza.

24/ Yanzu ku auna gero, dawa da gyaɗa da wannan ma'auni. Bitamin A kusan babu. Kalsiyam ɗan ƙanƙani. Gyaɗa kuma mai ne jingim. Tsuntsun zai ƙoshi, har ya yi ƙiba, alhali yunwa na cin sa ta ciki.

25/ Rashin bitamin A yana lalata fatar nan mai laushi ta cikin baki da hanci da maƙogwaro. Sai atishawa, toshewar hanci, fararen ƙuraje a baki, kumburin ido, gashi ya dushe, kowace cuta ta samu ƙofa. Ku koma lamba 5 ku sake karantawa. Ranar da na ga wannan jerin a rubuce, wallahi ajiye wayar na yi.

26/ Faɗuwa da karkarwar kuma? A shekarun 1980 likitocin tsuntsaye suka lura aku mai ruwan toka ya fi sauran danginsa saurin faɗawa ƙarancin kalsiyam a jini, musamman matasa masu 'yan shekaru. Alamarsa rauni, faɗowa daga sanda, da jijjiga kamar farfaɗiya. In an gane da wuri, allurar kalsiyam da gyaran abinci na tayar da shi.

27/ Daga baya wani likitan dabbobi a Ingila, Michael Stanford, ya gwada ya nuna cewa aku in yana samun irin hasken nan na rana, kalsiyam ɗin jininsa na hawa. Ga inda abin ya fi ciwo: gilashin taga yana tare wannan hasken. Su a Turai fitila suke saya da kuɗi. Mu da Allah ya hore mana rana kyauta, muka kulle Waziri a falo bayan gilashi shekara biyar.

28/ Saura gyaɗa. A 1960 'ya'yan talotalo sama da 100,000 suka mutu a gonakin Ingila cikin 'yan watanni. Ba a san cutar ba, aka kira ta cutar X. Da aka bi sawu sai aka tarar duk sun ci abincin da aka haɗa da ƙulin gyaɗa daga Barazil. A cikinsa akwai guba da wata fumfuna ke fitarwa. Nan aka gano afulatoksin.

29/ Gubar nan hanta take ci, kuma tsuntsaye na cikin waɗanda ba sa jure ta. Tana samuwa a gyaɗa da masarar da aka adana da danshi, kuma suya ba ta kashe ta. To wace gyaɗa muke ba tsuntsu? Ku faɗi gaskiya. Wadda aka tsince, mai baƙi-baƙi, mai ɗaci, wadda mu muka ƙi ci. Ni da hannuna na sha zuba masa irinta.

30/ Dangin wannan fumfuna kuma suna shiga huhun tsuntsu su yi saiwa, kuma aku mai ruwan toka na cikin waɗanda abin ya fi kamawa. Ɓawon gyaɗa mai ƙura, ragowar tuwo da ya kwana a keji, ƙasan keji mai danshi, duk gonarta ce.

31/ Hayaƙin da aka turara masa fa? Numfashin tsuntsu ba irin namu ba ne. Ban da huhu yana da jakunkunan iska a jiki, iskar na ratsa shi fiye da yadda take ratsa mu. Shi ya sa masu haƙar kwal a Birtaniya suka riƙa shiga rami da kanari: in iska mai guba ta taso, shi ke fara faɗuwa, su gudu. Sai a 1986 aka daina.

32/ Don haka turaren wuta, maganin sauro na kunnawa da na fesawa, hayaƙin gawayi da na janareta, taba, da tukunyar nan da abinci ba ya kamawa in ta ƙone a wuta, duk suna iya kashe tsuntsu a rufaffen ɗaki. Mu kuwa muka rufe ƙofa da taga muka turara wa marar lafiya. Da niyyar taimako.

33/ Goro da shayi: dukansu akwai kafin, sinadarin da ke hana barci, yana bugar da zuciyar tsuntsu. Aku duka-duka nauyinsa bai wuce rabin kilo ba, gutsuren da kai ba ka ji ba shi ya isa ya wahalar da shi. Haka cakulan. Fiya, wato abokado, ita guba ce kai tsaye. Abinci mai gishiri da magi ma ba nasa ba ne.

34/ Yaushe aka fara gyara? Kwanan nan ne. Sai a 1980 aka kafa ƙungiyar likitocin tsuntsaye a Amurka. Kafin nan, in ana son sanin bukatar aku, daga lissafin kaji ake aro. A shekarun 1980 aka yi gwaje-gwaje a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a kan wani ƙaramin dangin aku, aka fara auna ainihin abin da suke bukata. A wannan zamani ne dunƙulallen abincin aku ya yaɗu, wanda aka haɗa komai a ƙwaya ɗaya don kada ya tsince abin da yake so ya bar sauran.

35/ Ba aku kaɗai ba ne. A 1907 wasu likitoci biyu a Nowe, Holst da Frølich, suka ciyar da ɓeran Masar hatsi zalla, sai ya kamu da ciwon zubar jinin dasashi irin na matuƙan jirgin ruwa. Ashe shi ma kamar mutum jikinsa ba ya haɗa bitamin C, sai ya ci ɗanyen ganye. A 1987 aka gano rashin wani sinadari na cikin nama, taurin, shi ke kumbura zuciyar kyanwa. Mai ba kyanwa tuwo da shinkafa zalla, ka ji.

36/ Zomo haƙoransa ba sa daina tsiro, ciyawa da harawa ke goge su, su ne kuma ke motsa hanjinsa. Dusa zalla na cutar da shi. Kunkurun da aka ajiye a ɗaki ba rana ba kalsiyam, ƙoƙon bayansa laushi yake yi. Labarin ɗaya ne ko'ina: dabbar ta ƙoshi, mai ita ya yi zaton ya gama.

37/ Akwai yunwar da ba ta ciki ba. A 1977 wata masaniya, Irene Pepperberg, ta sayi aku a wani kanti a Chicago ta sa masa suna Alex. Shekara 30 tana aiki da shi. Ya san sunayen abubuwa wajen 50, launi 7, siffa 5, yana ƙirga har 6, yana bambance iri ɗaya da daban. Ya mutu a Satumbar 2007 yana da shekara 31.

38/ Halittar da ke da irin wannan kai, wadda a daji take kwana cikin garke tana da abokin zama guda na dindindin, ka kulle ta ita kaɗai a kejin da ko fiffike ba ta iya miƙewa. Shi ya sa za ka ga aku yana fige gashin ƙirjinsa da bakinsa har ya zama tsirara. Wani lokaci cuta ce, wani lokaci abinci, sau da yawa kuma kaɗaici ne.

39/ Sai tambayar da ƙanena bai yi ba: daga ina akun hoton nan ya fito? Tun 1975 an fitar da sama da miliyan ɗaya daga dazukan Afirka ta hanyar da aka rubuta, ban da ta ɓarauniyar hanya. Ana kama su da danƙo a reshe, da raga a wuraren cin ƙasar nan, ko a hau bishiya a kwashe 'ya'ya. An ƙiyasta kashi ɗaya zuwa biyu cikin uku na mutuwa kafin ma a kai su jirgi.

40/ Ga shi ba ya hayayyafa kamar kaza. Sai ya shekara uku zuwa biyar kafin ya fara, ƙwan kuma 'yan kaɗan. A Ghana, wani bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari sun ɓace tun 1992. Kurmin da dā yake cike da kukansu ya yi tsit.

41/ Amurka ta taƙaita shigo da tsuntsun daji a 1992, Tarayyar Turai ta hana a 2007. A Oktoban 2016, a taron CITES a Johannesburg, aka sa aku mai ruwan toka a sahun farko, wato an haramta cinikin na daji tsakanin ƙasashe. Najeriya na cikin wannan yarjejeniya. Akun da aka yi maka farashi mai sauƙi a bakin titi, ba takarda ba zobe a ƙafa, kusan tabbas daga daji aka fizgo shi. Kuɗinka ne zai aika a kamo na gaba.

42/ To wanda yake da shi a gida fa? Kada ka sake shi, a nan ba zai rayu ba. Gyara za ka yi. Kayan lambu kullum: karas, kabewa, tattasai, zogale, alayyafo, dafaffen dankali mai jan ciki. Gwanda da mangwaro daidai gwargwado. Dafaffen wake, ban da ɗanye. Ɗan dafaffen ƙwai jefi-jefi. Kwakwar manja ɗaya-ɗaya in ta samu. In kana samun dunƙulallen abincin aku, shi ya zama ginshiƙi.

43/ Gero da dawa su koma ƙari. Gyaɗa kuwa 'yar tukuici, mai kyau, irin wadda kai za ka ci. Amma a hankali ake sauyawa, cikin makonni. Aku na da taurin kai, yana iya zama da yunwa gaban abincin da bai sani ba. Ka riƙa cakuɗawa, ka ci a gabansa, yana son abin da ya ga ana ci.

44/ Ka fitar da kejin hantsi ko la'asar ya sha rana, amma gefe guda a inuwa, da ruwa, kana kusa saboda kyanwa da shaho. Ban da ranar tsaka. Ka fesa masa ruwa ya yi wanka, musamman da hunturu, ka tuna ɗan kurmi ne. Ka ba shi itacen da zai ɓantara, ka ba shi lokacinka.

45/ Tsuntsu na ɓoye ciwo, don a daji wanda ya nuna rauni shi ake fara ci. In ka ga ya kumbura gashi, ya koma ƙasan keji, ya daina magana, wutsiya na rawa in yana numfashi, ko kashinsa ya sauya, to ciwon ya yi nisa. Ranar za ka nemi likita, ba gobe ba. Kada ka ba shi farasitamol ko maganin kaji da ka.

46/ Abin ya fi dā sauƙi. Akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya, Sakkwato da Maiduguri, akwai kuma matasan likitoci da suka fara karkata ga tsuntsaye da ƙananan dabbobi. Ka tambaya kai tsaye: ka taɓa duba aku? In ya ce a'a, ka roƙe shi ya haɗa ka da wanda ya sani. Ka nemo lambar tun tsuntsun na lafiya.

47/ Ba na zargin Kawu, Allah ya jiƙansa, son Waziri yake har ransa. Ranar da ya mutu ko abincin dare bai ci ba. Abin da muka sani muka yi. Amma duk mun san hadisin matar nan da kyanwarta. Abin da ka kulle, ci da shansa da lafiyarsa sun koma wuyanka, kuma yanzu da ilimin yake a tafin hannu, "ban sani ba" ta rage ƙarfi.

48/ Ƙanena, ka ji dalilina. In tsuntsu kake so, ga tantabara, ga kanarin da aka ƙyanƙyashe a gida, zan cika maka kuɗin har da na keji mai faɗi. Aku kuwa alkawarin shekara 50 ne, wataƙila ma ya riga ka ganin jikokinka. Ka bar shi a kurminsa.

49/ Har yau in na ji wani ya yi irin tarin Kawu sai na waiga, ban san wanne nake nema ba a cikin su biyun. Wanda ya san mai aku a gida, ya tura masa zaren nan, ko lamba 42 zuwa 46 kaɗai ya karanta. Masu kiwon zomo da kanari, ku faɗa mini abin da kuke ba su a ƙasa, mu ƙaru da juna.